Goyon da Ba Ya Kuka

Da sunan Wanda Ya shimfiɗa ƙasa ba tabarma, Ya ɗaga sama ba ginshiƙi, Ya ba tsuntsu fiffike, Ya ba ɗan Adam karambanin kwaikwayonsa. Ku matso, ku da kuka ci kuka sha, ku da ba a taɓa harbin rufin ɗakinku ba. Ni ce Ladingo 'yar Mantau, wadda ƙafarta ba ta san zama ba. Zan ba ku labarin abin da na gani a ƙasar Hurgumai, can bayan tekun gishiri, inda rana ke faɗuwa a makare. A gajiye nake, don haka ba zan ja shi ba. Wanda bai ji ba ya tambayi na kusa da shi.

Neman ilimin ɗori ne ya fitar da ni daga gida. Babanmu ya faɗo daga kan rumbu ya karye a ƙafa, aka ɗora masa a karkace, har ya koma ga Allah yana jan ta. Na ce ni kuwa sai na iya abin nan yadda ya kamata. Aka ce mai ɗorin da ta fi kowa tana bisa Tsaunin Kwarangal, sunanta Iya Tabawa. Na ɗaura ƙunshina na kama hanya.

Na ƙetare tekun gishiri a bayan wani ƙaton kunkuru da ba ya motsi sai ana masa waƙa. Muryar mai shi ta dushe a tsakiyar ruwa, ni na yi ta rera waƙar niƙa kwana uku har maƙogwarona ya yi jini. Daga nan na faɗa garin Rufe-Baki, inda ba a magana sai ranar kasuwa. Ban sani ba na yi sallama da ƙarfi, masu gadin ƙofa suka kama ni, suka nuna min da yatsu wai ɗaurin shekara ne. Na kwance ƙunshina na baza goro a ƙasa na yi shiru. Kwaɗayi ya ja ɗayansu ya ɗauki goro ya ajiye min dabino. Na ce, "To an yi ciniki, yau kasuwa ke nan." Suka dubi juna suka buɗe min ƙofa. Akwai sauran irin waɗannan, amma ku bar su, ba su ne labarin ba.

Wata bakwai na yi wajen Iya Tabawa. Tsohuwa ce mai doro, hannunta kamar itace, bakinta ya fi hannun kaifi. Ƙafar-yawo take kirana. A wata na takwas mayaƙan Zartu suka kewaye tsaunin, suka datse 'yar hanya ɗaya tilo da ake sauka. Mazan garin duk sun sauka yaƙi tun tuni, sai mata da yara da tsofaffi. Rijiya ta ƙafe. Muna shan ruwan randa da ludayi ɗaya ɗaya, sai sojojin Hurgumai suka aiko jirgi mai saukar ungulu ya kwashe mu.

Jirgi ɗaya ne, tsoho, duk jikinsa faci. Gwaggo suke ce masa, wai don ba ya tashi sai ya yi mita. Mutum uku ne a ciki. Akwai Kyaftin Arzika, babban matuƙi, mai furfura, idonsa ja kamar gauta, kwana uku bai runtsa ba sai tauna goro. Akwai Laftanar Jummala, matuƙiya ta biyu, siririya, da bandeji a goshi. Sai Saje Tunau mai tsaron ƙofa da bindiga mai jigida, ƙato ne na gaske, idan ya tsaya a ƙofa rana ba ta shiga.

Tun da hantsi suke jigila. Su zo ana harbinsu, su koma ana harbinsu. Duk zuwa Saje Tunau ya tsaya yana watsar da kayan mutane yana ihu, "Mutum kawai! Ko cokali ban yarda ba! Gwaggo ba jaka ba ce!"

To a nan matsalar take. Matan Kwarangal suna da al'ada. Ranar da mace za ta kafa nata murhu, uwarta takan ciro dutse ɗaya cikin duwatsun murhunta uku ta ba ta. Dutsen nan daga kaka yake zuwa jika. Sun ce wadda ta bar nata a baya, duk inda ta je wutarta ba za ta kama ba, kuma ba mai cin tuwonta. Dutsen tsaunin kuwa baƙi ne, girmansa bai fi na jariri ba, amma nauyinsa ya kai rabin buhun gero. A zuwa na uku wata ta ɗauko nata a ka, Saje ya karɓe ya ajiye a ƙasa, ya tura ta ciki tana kururuwa. Duk matan da suka rage sun gani.

Mu ne 'yan zuwan ƙarshe. Iya ta ja ni ɗaki ta ce, "Juyo, Ƙafar-yawo." Ta ɗora min dutsenta a baya, ta ɗaure da zani da majanyi, ta lulluɓa mayafi, tsaf kamar goyo.

Na ce, "Iya, kin fa ji abin da sojan nan ya ce."

Ta ce, "Jirgin da ke ɗaukar mutum ashirin, dutse ɗaya ne zai karya masa baya? Rufe min baki. Ni da bayana na miƙe da na goya abina."

Wallahi a zatona mu kaɗai ne. Ashe kowace a ɗakinta abin da ta faɗa wa kanta ke nan.

Gwaggo ta sauka da azahar, rana kamar za ta fasa kai. Zuwansu na goma sha ɗaya ke nan. Muka ruga a duƙe, ƙura na shiga mana baki. Saje yana cusa mu yana ƙirga, sai ya leƙa gaba ya ce, "Oga, manya goma sha biyar, yara huɗu, goyo tara. Matan tsaunin nan ba sa wasa."

Kyaftin bai ko waiwayo ba. Ya ce, "Goyo ba nauyi. Amma da zafin nan iska ta yi laushi, farfela ba ta samun abin kamawa. Da ƙyar za ta ɗaga. Rufe, mu tafi."

Harsashin igwa na farko ya faɗa bayan masallaci, ƙasa ta girgiza. Gwaggo ta yi ruri, ta ɗaga kamu ɗaya, ta dawo ƙasa tim. Ta sake ɗagawa, ta sake dawowa. Yara suka fara ihu.

Kyaftin ya ce, "Tunau, me ka loda min? Shanu?"

"Wallahi Oga mata ne da yara, duk ƙashi da fata."

Laftanar Jummala tana kallon alluran na'urorin jirgi a gabanta. Ta ce, "Yallaɓai, lissafin bai fita ba. Akwai nauyin da ba mu san da shi ba."

"Ba lokacin nema. A zubar da komai."

Saje ya tura akwatunan harsashi waje. Ya kwance bindiga mai jigida, ya shafa ta kamar mai sallama da akuyarsa, ya jefar. Ya cire ƙofa. Ya zaro farantan ƙarfen da ke kare matuƙa daga harbi, ya watsar. Gwaggo ta ɗaga kamu biyu, ta yi ta rawa a wurin, ta ƙi gaba. Ta ƙofar da babu na hango mayaƙan Zartu suna hawowa ta cikin gonakin acca, kamar tururuwa ta ga suga. Harsashi ya huda jikin jirgi daidai saman kaina, haske ya shigo ta hudar.

Saje Tunau ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi Iya, ya dubi yaran, ya dubi ni da goyona. Sai ya rataya ƙaramar bindigarsa ya ce, "Oga, buhu mafi nauyi a jirgin nan ni ne."

"Tunau, zauna! Umarni ne!"

"Ban ji ba, Oga. Ƙarar farfela ta yi yawa."

Ya dira.

Bari in faɗa muku gaskiya, don na gaji da ɓoye ta. Maganar tana bakina. Dutsen yana cin kafaɗata, na san abin da ke hana jirgin tashi, aƙalla na san nawa. Iya ba ta hana ni ba. Ba wanda ya hana ni. Kunya ce kawai, kunyar a kwance min goyo a gaban mutane a ga ƙarya. Kafin in haɗiye ta, mutumin ya riga ya yi nisa yana harbi.

Ko da hakan Gwaggo ba ta tashi sosai ba. Kyaftin ya ja ta a ƙasa-ƙasa, ƙafafunta na kartar duwatsu, ya nufi bakin tsauni, inda ba komai sai rami mai zurfin da ko dutse ka jefa ba ka jin faɗuwarsa. Ya ce, "Ku riƙe yaranku." Ya tura ta cikin ramin.

Muka faɗa. Mata na salati, wata ta yi fitsari, ban ga laifinta ba. Ina kallon bishiyoyin ƙasa suna girma suna tahowa, Laftanar na faɗin lambobi da murya kamar mai karanta wasiƙa. Can da na sadaƙar, sai farfela ta kama iska, jirgin ya miƙe ya shafi kan bishiyoyi ya wuce. Mayaƙan suka bi mu da harbi har muka ƙetare kogi.

Muka sauka a sansanin Gulbin Toka. Wata nas ta rugo da gudu tana cewa, "Ku kawo jariran tukuna! Tun ɗazu ban ji ko ɗaya ya yi kuka ba!" Kafin matar farko ta kauce, ta riga ta ja majanyi. Dutse ya faɗo ƙasa, ya nutse a rairayi.

Ɗaya bayan ɗaya sauran suka kwance. Ni ce ta ƙarshe. Duwatsu tara, baƙaƙe, da tokar murhu a jikinsu. Kowace mace tana kallon na 'yar'uwarta baki buɗe.

Laftanar Jummala ta sauko ta cire hular ƙarfenta ta buga da ƙasa. "Duwatsu! Mun bar mutum a kan tsauni saboda duwatsu! Kun san nauyin waɗannan ya kai na Tunau biyu? Kun san yana da 'ya'ya biyar?"

Kyaftin Arzika bai sauko ba. Ya daɗe yana kallon duwatsun ta gilashi, ya tofar da tukar goro, ya ce da masu aiki, "A zuba mai."

Wani soja ya zo da oba-oba a hannu ya ce babbansu ya ce an rufe hanyar Kwarangal, garin ya faɗa hannun abokan gaba, ba jirgin da zai koma.

Kyaftin ya ce, "Ka ce masa ban ji ba. Ƙarar farfela ta yi yawa."

Iya Tabawa ta lallaɓa ta je gefen jirgin. Ban taɓa ganin ta sunkuyar da kai ga wani ba sai ranar. Ta ce, "Ɗan nan, ban sani ba."

Ya ce, "Na sani, Iya. Ni ma da na tambayi al'adar gari kafin in ɗauki mutanensa."

Sai ta ga jini na ɗiga daga takalminsa. Ashe tun a ramin nan harsashi ya same shi a cinya. Ta karɓi majanyin bayana ta ɗaure masa tamau, tana faɗa, "Wannan ba ta mai ɗori ba ce, ta likita ce. Sauko."

"In na dawo, Iya." Ya dubi sojojin da ke wurin, duk ƙarti ne. "Ina son mai tsayawa a ƙofa. Mara nauyi, kuma wanda ya san tsaunin."

Ban san lokacin da na hau ba. Ya waiwayo ya dube ni da jajayen idanun nan.

"Ke ma kin goyo?"

"Na goyo, Yallaɓai."

Na jira zagi. Sai ya ce, "To ɗaura igiyar nan a ƙugunki, ki ƙulle ta a ƙarfen can. In kika faɗo ba zan dawo sau uku ba."

Muka koma. Ba bindiga, ba ƙofa, ba ƙarfen kariya, kamar a shiga gidan rina ba riga. Garin na ci da wuta, hayaƙi ya rufe fili. Laftanar ta ce, "In yana da rai ba zai tsaya a fili ba. Ina mutum zai ɓuya a nan, Ladingo?"

Na ce, "Bayan gidan Iya akwai tsaga, tana fita wani ɗan dandamali a jikin tsauni ta yamma. Awaki ke kwana a wurin. Ba ya ganuwa daga sama."

Kyaftin ya zagaya ta ƙarƙashi, ya hauro manne da jikin dutse kamar ƙadangare. Can muka gan shi, zaune cikin kashin awaki, ƙafarsa ɗaya ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, yana kaɗa riga.

Wurin bai isa sauka ba. Kyaftin ya ɗora ƙafar jirgi ɗaya a bakin dandamalin, ɗayar na lilo a kan rami, bakin farfela kuwa tsakaninsa da dutse bai fi taƙi biyu ba. Laftanar na cewa, "Dama kaɗan. Tsaya. Tsaya haka." Mayaƙan suka ji ƙara suka leƙo daga sama, suka fara zuba mana wuta. Harsasai na tsalle a dutse suna fito.

Na rarrafa na fita, na kama wuyan rigarsa ta ciki. Kamar in ja rumbu. Ya dube ni ya ce, "Ke ce sabon saje? Kai, soja ya lalace."

Na ce, "Don Allah Baba ka taimaka ka ja jikinka!"

Ya ja da gwiwar hannu, na ja da igiya, yana nishi yana zagin ƙafarsa. Kansa na shiga ƙofa sai ya ɗaga murya, "Oga, wa ya ce ka dawo?"

"Shiru ya yi min yawa. Shigo da sauran jikinka, hannuna ya gaji."

A daidai nan gilashin gaba ya fashe. Na ga jikin Kyaftin ya yi baya ya dawo. Jirgin bai motsa ba, ko kaɗan. Farfela na nan inda take, taƙi biyu daga dutse. Ya ce, "Ya shigo?"

Na ce, "Saura ƙafa!"

"To."

Na rungumo karyayyiyar ƙafar na jawo, Saje ya yi ƙara. Na ce ya shigo. Sai na ji muryar Kyaftin, a hankali kamar mai miƙa ƙwaryar ruwa: "Jummala, karɓi."

Ta ce, "Na karɓa."

Ta kifa mu cikin ramin ta fice da mu. Ni ban ga hanya ba. Ina ƙasa ina miƙe ƙafar Saje yadda Iya ta koya min, na haɗa ta da bututun bindigarsa na ɗaure, ƙullin sai kwancewa yake. Saje na ta kira, "Oga. Oga, ka ji ni?" Laftanar ta ce masa, "Kwanta, Tunau." Ba ta ƙara ba, shi ma bai sake kira ba.

Da muka sauka, sai da aka ɓamɓare yatsun Kyaftin Arzika daga sandar tuƙi. Aka yi masa sutura kafin la'asar ta wuce. Matan Kwarangal sun tsaya can nesa da yaransu, ba wadda ta iya matsowa.

Ni na je tantin marasa lafiya na faɗa wa Saje Tunau, don kada ya ji a bakin wani. Na faɗa masa komai, har da nawa, har da cewa maganar tana bakina lokacin da ya dira.

Ya ce, "Duwatsu."

Na ce, "Tara."

Ƙirjinsa ya motsa kamar zai yi dariya, ba ta fito ba. Ya ce, "Kuma ni na ƙirga su da bakina." Ya juya fuska. "Je ki, 'yar nan. Yau ba ni da ƙarfin fushi."

Na fito na zauna a inuwar jirgi, ban iya kuka ba, ban iya barci ba. Laftanar Jummala na tsaye da bokiti tana wanke kujerar Kyaftin da tsumma, ruwan na zuba ja. Sai ga sojan nan mai oba-oba ya dawo, wai Tsaunin Maraya, mata da yara arba'in, an datse musu hanya tun jiya, kuma ba wani jirgi a kusa.

Ta matse tsumman ta shanya a bakin bokiti. Ta rufe ido na ɗan lokaci, a tsaye, har na zaci barci ya ɗauke ta. Sai ta buɗe ta ce, "A zuba mai. Wa zai tsaya a ƙofa?"

Na tashi na ɗaura igiya.

Zuwa uku muka yi kafin magariba. Matan Tsaunin Maraya sun zage ni, sun ce ba ni da tarbiyya, wata ma ta mare ni. Ban damu ba. Ana harbi, ina tsaye a ƙofar Gwaggo ina ɗaga mayafi ɗaya bayan ɗaya, ba goyon da ya shiga sai da na ga fuskarsa.